Sun rushe lilon da ya fi kowane tsawo a duniya, ni kuma hankalina na kan wata ƙusa a Birnin Kebbi

Ƙanena ne ya fara nuna min bidiyon, farkon azumin 2025 muna zaune wurin mai shayi bayan an sauko tarawihi, ya miƙo min waya ya ce Yaya dubi abin da Turawa suka yi wa kayansu. Wani dogon ƙarfe ne tsaye kamar hasumiya, sai ka ji dum dum daga gindinsa, ya ɗan karkata, sannan ya kwanta gaba ɗaya ƙura ta tashi. Mai shayin ya leƙo yana juya madara ya ce to mi ya yi musu, mutane ya kashe? Na ce a'a Malam, ba faɗuwa ya yi da kowa ba, masu shi ne suka ɗaura masa nakiya da kansu. Ya girgiza kai ya ce wanga ai almubazzaranci ne.

Tun daren nan maganar take cina, don ni malamin fiziks ne a sakandare kuma na daɗe ina bin labarin waɗannan lilunan da ake kira rola kosta, wato jirgin nan mai gudu kan dogo yana hawa yana gangara yana juyewa da mutane. Kuma gaskiya ban yarda almubazzaranci ba ne. Ina ganin abin da suka yi ya fi shafarmu mu nan Kebbi fiye da yadda muke zato, amma sai an bi shi daki-daki.

Sunan lilon Kingda Ka, yana wani wurin wasa na kamfanin Six Flags a jihar New Jersey ta Amurka. An buɗe shi 2005, tsawonsa mita 139, kamar bene mai hawa arba'in da wani abu ke nan, kuma kusan shekara 20 babu wanda ya kamo shi a tsawo duk duniya. Daga tsaye cak yake kai gudun kilomita 206 a awa cikin daƙiƙa uku da rabi. In mota ce ta riƙe wannan gudun, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu ba za ta ci minti 20 ba. Duka-duka hawan bai cika rabin minti ba amma mutum zai tsaya layi awa guda ko fiye don shi, wasu ma daga wata ƙasa suke zuwa. An rufe shi a Nuwamba 2024, aka tarwatsa shi ranar 28 ga Fabrairu 2025.

Kafin a gane dalili sai an san yadda abin ke aiki. Yawancin rola kosta babu inji a jikin jirgin ko kaɗan, wannan shi ne abin da ya fi ba ɗalibaina mamaki duk shekara. Sarƙa ce irin ta keke amma ƙatuwa take jan shi a hankali zuwa saman tudun farko, daga nan a sake shi, nauyinsa ya yi sauran aikin, kamar amalanke cike da buhunan shinkafa in ta samu gangara. Shi ya sa tudun farko ke fin sauran tsawo, don ƙarfin da aka tara a wannan hawan shi ake ci har ƙarshe, iska da gugar tayoyi suna ta rage shi. Ƙarar nan ƙas ƙas ƙas da ake ji a bidiyo lokacin hawa ba lalacewa ba ce, wasu haƙoran ƙarfe ne da ke riƙe jirgin kada ya koma baya in sarƙa ta tsinke. Tayoyin ma kashi uku ne, na sama da na gefe da na ƙasa, sun rungume dogon ta ko'ina, don haka ko an kifa jirgin ƙafa sama ba shi da hanyar fita.

Mai shayinmu ya yi tambayar da kowane ɗan Najeriya zai yi, ya ce to in an ɗauke wuta suna sama fa? Amsar ta burge ni tun ranar da na fara karanta ta. Birkin da yawa daga cikin na zamani maganaɗisu ne, akwai falle-fallen ƙarfe da ke ratsawa tsakanin maganaɗisu masu ƙarfi, wannan ratsawar kaɗai ke rage gudun ba tare da wani abu ya taɓa wani ba, kuma maganaɗisun ba ya buƙatar lantarki. Birkin matsewa kuma an ƙera shi ne a damƙe, ƙarfi ake sawa a buɗe shi, in wuta ta tafi sai ya koma ya damƙe. Sannan an raba dogon gida-gida, kwamfuta ba ta barin jirgi ya shiga wani gida sai na gabansa ya fita. Wato tun a takarda wanda ya zana abin ya ɗauka cewa wata rana wani abu zai lalace, ya shirya yadda lalacewar za ta ƙare da tsayawa ba da karo ba. In ka ga labari an ce mutane sun maƙale a sama na minti talatin, galibi tsarin tsaron ne ya yi aikinsa.

To shi Kingda Ka ba sarƙa ke jan shi ba, harba shi ake kamar dutse a danƙo. Kamfanin Intamin da ya ƙera shi ya yi amfani da haidurolik, irin wanda ke ɗaga bodin tifa in za ta juye yashi, amma wannan ɗaki guda ne cike da famfuna da tankunan mai da aka matse, a saki man gaba ɗaya ya juya wani ƙaton gangan ƙarfe, gangan ya naɗe igiyar ƙarfe, igiyar ta fizgi jirgin. Ka yi tunanin wannan fizgar ana yin ta sau ɗaruruwa a rana, shekara da shekaru. Igiya na ci, roba na ci, famfo na zafi, bawul na gajiya, kowane ɗaya kuma ba kayan da za ka shiga kasuwa ka saya ba ne, sai an yi oda daga wanda ya ƙera. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota mai wuyar kayan gyara ya san ciwon nan, rabin wata tana gareji rabin wata tana hanya. Lilon ya yi suna wajen yawan tsayawa, ga shi in iska ta yi ƙarfi ko ruwa ya sauko dole a rufe. Wani lokaci ma harbin ba ya isa jirgin ya haye ƙololuwa sai ya dawo da baya, birki ya tare shi a sake harbawa, masoyan abin kuma har addu'a suke ya faru da su don a wurinsu abin alfahari ne.

Akwai yayansa a jihar Ohio, a wurin wasa na Cedar Point, sunansa Top Thrill Dragster, an buɗe shi 2003, mita 128, kamfani ɗaya fasaha ɗaya. A watan Agusta 2021 wani guntun ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba ya ɓalle daga jikin jirgin yana cikin gudu ya samu wata mata a kai, ita ba ma hawa ta yi ba tana tsaye a layi ne, ta ji mummunan rauni. Daga ranar bai ƙara ɗaukar kowa a yadda yake ba. Suka kira kamfanin Zamperla na Italiya ya cire haidurolik ɗin ya sa sabuwar fasaha, wadda ake jera maganaɗisun lantarki a kan dogo suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya suna tura jirgin, babu igiya babu mai babu abin da ke gugar wani. Aka sake buɗe shi a Mayu 2024 da suna Top Thrill 2, kwana takwas kacal da buɗewa aka rufe saboda sabbin jiragen na buƙatar gyara, kuma bai dawo ba sai 2025. Shekara guda cur, bayan duk tallan da aka yi da tikitin da aka sayar. Ni wannan rufewar ta fi burge ni fiye da tsawon lilon, domin na san asarar da ke ciki kuma na san yadda zuciya ke raya wa mai kaya cewa a lallaɓa a ga ƙarshen kaka.

A tsakiyar wannan rikicin ne, ranar 1 ga Yuli 2024, kamfanonin biyu, Six Flags da Cedar Fair mai Cedar Point, suka haɗe suka zama ɗaya da wurare 42. Kuma in kamfanoni suka haɗe abin da ake fara yi shi ne a buɗe littafi a duba wane kaya ke cin kuɗi fiye da abin da yake kawowa. Lissafin lilo ba ya tsayawa kan nawa aka saye shi, ana duba mutum nawa yake ɗauka a awa, kwana nawa yake aiki a shekara, makanikai nawa ke kwana a kansa, nawa inshora ke karɓa. Sun ga abin da gyaran na Ohio ya jawo musu, ga Kingda Ka ya fi shi tsawo kuma yana kan tsohon haidurolik ɗin nan, sai suka zaɓi nakiya. Ba shi kaɗai ba ma, har wuri sukutum suka rufe, Six Flags America da ke jihar Maryland, a farkon Nuwamba 2025.

Yanzu bari in zo kan masoyan, don su ne suka sa labarin ya yi zafi. Akwai mutane a can da rola kosta ta zame musu abin da ƙwallo ta zame wa matasanmu. Yadda za ka ji yara a gidan kallo a Jega ko Yawuri suna musu kan wane ɗan wasa za a saya, wani ya ce an ga wakilinsa a filin jirgi wani ya ce ƙarya ne, haka su ma suke, sai dai su hujjarsu ta fi tamu wahalar samu. Suna zuwa ofishin ƙaramar hukuma su duba takardun neman izinin gini ko na rushewa don a can doka ta ba kowa damar gani. Suna bin rajistar sunayen kasuwanci su ga ko kamfani ya yi rajistar wani sabon suna. In suka ga an fesa fenti a ƙasa ko an kafa 'yan tutoci kusa da wani lilo sun san masu awon fili sun zo. In aka ga tirela ɗauke da guntayen dogo, daga siffar ƙarfen kawai za su faɗa maka wane kamfani ya ƙera, kamar yadda Bakabe zai kalli kwale-kwale ya gaya maka aikin wane gari ne. Tun kafin a ce komai kan Kingda Ka raɗe-raɗi ya cika intanet cewa wannan ce kakarsa ta ƙarshe, kamfanin ya yi gum, mutane suka yi ta tururuwa a makon ƙarshe bisa jita-jita kawai, sai da aka rufe ƙofa sannan bayan 'yan kwanaki sanarwa ta fito.

A nan kam ina tare da su, kamfanin bai kyauta ba. Su da bakinsu suka ce an hau lilon sama da sau miliyan 12, to mutanen da suka ba ka wannan cinikin ai sun cancanci ka ce musu ga ranar ƙarshe ku zo ku yi sallama. Ko mai shago in zai tashi daga unguwa yana gaya wa maƙwabta. Amma kuma ba duka nake yabon masu hasashen ba, akwai 'yan YouTube da ke ƙaga labari don a kalla, yau su ce za a rushe wancan gobe su ce za a gina wanda ya fi, in bai faru ba babu mai dawowa ya ce na yi kuskure, wannan halin kam mun san shi a Facebook ɗinmu. Abin da nake so a lura da shi shi ne abin da ke ƙarƙashin surutun. Dubban idanu ne a kan ƙarfe. In lilo ya fara wata ƙara da ba a saba ji ba, in jijjigarsa ta ƙaru, in an kwana uku ba a kunna shi ba, kafin yamma hoto ya fita ana tambaya. Mai wuri ya san ba zai iya ɗaure abu da waya ya shafa fenti ya ce lafiya lau ba.

Kambun tsawo da gudu kuma yanzu ya dawo kusa da mu, ƙasashen Larabawa. Tun 2010 Abu Dabi ta ƙwace na gudu da Formula Rossa mai kilomita 240 a awa, wanda sai an sa wa mutum tabarau saboda yashi da ƙwari. Saudiyya kuma ta gina Falcons Flight a Ƙiddiya kusa da Riyad, wurin da aka buɗe a ƙarshen 2025, tsawo mita 195, gudu kilomita 250, dogon ya haura kilomita 4, yana gangarowa ne daga bakin dutsen Tuwaiƙ. Intamin ɗin dai ne ya ƙera, amma da maganaɗisu ba haidurolik ba, ka ga ita kanta fasahar ta nuna inda ta dosa. Kamfanin Disney na Amurka ma ya sanar a 2025 cewa zai buɗe wurin wasa a Abu Dabi. Waɗannan ƙasashe ne masu zafi da ƙura irin namu, kuma alhazanmu da masu umara da 'yan kasuwarmu can suke zuwa, don haka ba da daɗewa ba za ka ji wani attajiri ko wani gwamna ya ce shi ma zai kawo irinsa gida. Kuma a Saudiyyar nan dai, a Ɗa'ifa, ƙarshen Yuli 2025 wani lilo mai wujijjiga mutane ya karye daga tsakiyar ginshiƙinsa yana cikin aiki, sama da mutum 20 suka jikkata, hukuma ta rufe wurin. Bidiyon ya zaga wayoyinmu sosai. Ƙasa mai kuɗi ke nan, amma ƙarfe bai san arziki ba, gajiya yake a hankali ta cikin tsaga da ido ba ya gani, shi ya sa a wuraren da suka san aiki ake kwance jirage duk shekara a duba su gaɓa-gaɓa da na'ura.

Wannan ya kawo ni gida. Mu ba mu da rola kosta a Kebbi, abin da muke da shi lilunan sallah ne, na dawakai masu zagaye, da jirgin yara, da wanda ke ɗaga kujeru sama yana juyawa, wasu gwanjo ne da suka gama rayuwarsu a wata ƙasa aka yi musu sabon fenti, wasu kuma masu waldarmu ne suka haɗa, kuma wallahi ina girmama basirarsu. Yaranmu na buƙatar wuraren nan, duk wanda ya ga fuskar yaro a kan lilo ranar sallah ba zai ce a hana ba, balle 'yan uwanmu na Zamfara da yara da yawa suka taso cikin fargaba, wurin da yaro zai yi ihun murna ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙaramar sallar da ta biyo bayan bidiyon Kingda Ka na kai ɗiyata wani fili da aka kafa irin waɗannan. Tana ta ja na zuwa mai kujeru masu tashi, sabon lallenta a hannu, ta riƙe kuɗin tikitinta gam. Muna layi na duba inda sarƙar kujera ta haɗu da hannun ƙarfen sama. A sauran kujerun akwai fin mai kauri da noti, a guda ɗaya kuwa ƙusa ce 'yar inci shida aka zura aka lanƙwasa bakinta, an ƙara naɗe ta da wayar ɗaurin rodi, ramin da take ciki ya cinye ya zama kamar ƙwai, tsatsa ja tana zubowa gefe. Yaron da ke kula da injin bai fi shekara sha bakwai ba, hannu ɗaya kan makunni ɗaya yana karɓar tikiti, janareta na ta hayaƙi a bayansa. Na ce samari zo ka ga wani abu. Ya duba ya ce Baba ai tun bara haka take kuma ba ta taɓa yin komi ba, oga ya ce sai bayan sallah. Ba rashin kunya ya yi min ba, iyakar abin da aka koya masa ke nan. Na roƙe shi ya bar kujerar nan babu kowa, ya yarda, ya ɗaura mata leda. Ɗiyata na sa ta a na dawakai, ta yi kuka kaɗan sannan ta manta.

Tun bara haka take, wannan kalmar ita ce ta tsaya min. Ƙarfe da ke gajiya kullum lafiya yake har ranar da zai karye, shekarar da ta wuce lafiya ba shaida ba ce, ƙari ce a kan gajiyar. Ga ƙurar hunturu da ke shiga boris ta haɗu da giris ta zama kamar yashin goge ƙarfe, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana busar da roba, ga damina ta kawo tsatsa, kayan kuma a kwance a waje wata da watanni sai sallah a tada su a ɗora 'ya'yan mutane.

A Ohio, abin da zai ba manomanmu sha'awa, ma'aikatar gona ce ke da alhakin duba lilo ta ba shi lasisi, don asalin abin daga bukukuwan baje kolin amfanin gona ya taso, kuma ita ce ta binciki haɗarin 2021. Wato ba sai an ƙirƙiro wata sabuwar hukuma mai dogon suna ba, ofis ɗaya ne aka ce kai ne mai wannan, in ba ka sa hannu ba ba a kunnawa. Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Argungu dubban masunta ke tsayawa bakin Matan Fada da homa da gora, kowa jikinsa na rawa, amma babu mai tsoma ƙafa sai Sarkin Ruwa ya gama nasa an ba da izini. Abin da nake nema bai wuce haka ba, injiniya ɗaya daga ma'aikatar ayyuka ko malamai daga kwalejin kimiyya da fasaha da ke garin nan su zaga kwana biyu kafin sallah, a duba walda da fin da birki da wayar wuta, a manna takarda mai kwanan wata inda kowane uba zai gani. Mai wuri kuma ya ware kuɗin kulawa tun ranar da ya sayi kaya, in lilo ya kai inda gyaransa ya fi ƙarfinsa ya sayar wa 'yan gwangwan a kilo. Mu iyaye mu riƙa ɗaga kai muna duba sama kafin mu ɗora yaro, in mun ga abu mu faɗa wa mai wurin cikin mutunci, in bai ji ba mu gaya wa na bayanmu a layi.

Kwana takwas bayan sallar na biyo ta wurin a kan mashin da yamma, na tarar sun kwance komai suna lodi a wata tsohuwar mota za su wani gari cin kasuwa. Yaron ya gane ni ya ɗaga min hannu ya ce sannu Baba. Kujerun na saman lodin an ɗaure su da igiya, na hango mai ledar a cikinsu, ledar ta yage saura ɗan guntu, ƙusar na nan a lanƙwashe da wayarta. Na ce masa ina ogan, ya ce ya riga ya yi gaba tun safe. Na rubuta lambata a bayan wani tikiti na ba shi na ce ya ba shi, fin ɗin ni zan saya. Ya sa a aljihu, direba ya tada mota suka hau hanyar Jega.